African Storybook: abin da na gani bayan wata takwas ina karanta wa 'ya'yana labaransa

Wata takwas ke nan da na fara amfani da shafin African Storybook wajen karanta wa 'ya'yana labari bayan sallar isha'i, kuma ina ganin lokacin ya isa mutum ya faɗi ra'ayinsa a kan abu ba tare da ɗokin sabon shiga ba. Ina da 'ya mai shekara huɗu da rabi da ƙanenta mai shekara biyu, kuma gajiyar nema ce ta kai ni wannan shafi. Na zagaya shagunan littattafai a Zariya da Kano ina cigiyar littafin Hausa mai hotuna wanda ya dace da yaron da bai shiga firamare ba, sai in tarar da littattafan addini da na soyayya da na jarrabawa jibge har rufi, amma da zarar na ce na ƙananan yara nake so, sai a miƙo mini na Turanci masu hoton tuffa da dusar ƙanƙara. Wani dattijo mai shago ya gaya mini gaskiya, ya ce ba ya ajiye irinsu domin ba mai tambaya, iyaye ba sa sayen littafi sai wanda makaranta ta rubuto a takarda.

African Storybook shiri ne na wata cibiyar ilimi mai suna Saide da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu. An buɗe shafinsa a 2014, aka fara gwada shi a makarantu da ɗakunan karatu na Kenya da Uganda da Lesotho da ita kanta Afirka ta Kudun, da nufin magance ƙarancin littattafan yara cikin harsunan da yaran Afirka suke ji a gida. A yau akwai dubban labarai masu hotuna cikin harsuna fiye da 200, kuma Hausa tana cikinsu. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar rajista kafin a karanta. An saki labaran ne a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato kowa yana da izinin ya sauke, ya buga a takarda, ya fassara, ya sauya abin da yake so ya sauya, muddin bai goge sunan marubuci da na mai zane ba. Wannan izini shi ne mafi girman darajar shafin a wurina, kuma zan dawo kansa.

An kasa labaran mataki biyar. Na farko kalmomi ne kaɗan a kowane shafi, na biyu gajerun jimloli, na uku da na huɗu sakin layi ne da ke ƙara tsawo, na biyar kuwa an tanade shi domin babba ya karanta wa yaro da baki. A nan na yi kuskurena na farko, domin na ɗauka tun da 'yata ba ta iya karatu ba, to mataki na farko ne nata, na yi mako biyu ina karanta mata littattafai masu kalma uku a shafi har ta fara hamma tun ban kai tsakiya ba. Daga baya na gane cewa matakan suna auna abin da yaro zai iya karantawa ne da idonsa, alhali abin da kunnensa ke ɗauka ya yi wa wannan nisa ƙwarai. Yarinyar da take zama ta saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus" ba za ta ƙoshi da "ga kaza, ga kwai" ba. Da na koma mataki na uku da na biyar sai ta natsu, na bar wa ƙanenta na farkon, wanda shi kuma ba abin da yake so kamar ya dangwala yatsa a hoto ya faɗi sunan abin.

Abokaina da dama sun tambaye ni amfanin karanta wa yaron da bai san harafi ko ɗaya ba, wasu ma suna cewa in bari ya shiga makaranta, aikin malamai ne. Amsar da likitocin yara suka bayar ta daɗe. Tun 1989 wasu likitoci a wani asibitin birnin Boston suka fara shirin Reach Out and Read, inda ake ba iyaye littafi duk sa'ad da suka kawo yaro awo, a kuma nuna musu yadda za su karanta masa. A Ingila an fara Bookstart a 1992 da jarirai 300 a birnin Birmingham. A 2014 kuwa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a riƙa shawartar iyaye su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne ga wanda ya saurari irin maganar da muke yi wa yara a gida, wadda yawancinta umarni ne: zo, tafi, bari, sauka, ci abincinka. Littafi yana kawo kalmomin da hidimar gida ba ta kawowa, irin su kwazazzabo da mamaki da alkawari da nadama, yana kuma kawo jimla mai kai da gindi, wadda abu ke faruwa a cikinta saboda wani abu ya riga ya faru. Rubutun boko na Hausa yana da sauƙin haɗawa, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, yaro yana iya koyon ba, be, bi, bo, bu cikin ɗan lokaci. Amma haɗa baƙi daban, fahimta daban, kuma yaro ba ya fahimtar kalmar da ya haɗa sai in ta riga ta zauna a kunnensa. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara 89 cikin 100 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. An yi ƙoƙari a makarantunmu, kamar shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin NEI Plus a Bauchi da Sakkwato, waɗanda suka samar da kayan koyon karatu da Hausa ga azuzuwan farko na firamare. Sai dai kafin yaro ya taka ƙofar aji ɗaya ya riga ya shekara shida a gida, kuma waɗannan shekaru ba su da wani malami sai mu.

Watan farko a waya na yi karatun. Shafin yana da manhaja da ake saukewa, mutum ya zaɓi harshe, ya ajiye labaran da yake so, daga nan ya karanta su ko babu intanet, kuma ba su cin data mai yawa. Ta wannan fuska manhajar ta yi abin da aka yi ta dominsa, ta kuma fisshe ni a asibiti wata rana da muka daɗe a layi. Amma a gida waya ta zame mana abokiyar gaba. Ƙaramin ba ya barin shafi ya tsaya, yatsansa kullum yana kan gilashi yana turawa. Babbar kuwa ta san cewa a cikin wannan wayar ne zane mai motsi yake, saboda haka rabin hankalinta yana kan lokacin da zan gama in ba ta. Ni ma ban tsira ba, domin saƙo yana shigowa a tsakiyar labari idona ya bi shi. Daga baya na ci karo da wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan aka buga a 2019, inda aka lura da iyaye 37 tare da ƙananan 'ya'yansu suna karatu a takarda da kuma a na'ura, aka ga cewa sun fi yin hira da juna idan littafin takarda ne a hannunsu, a na'ura kuwa maganar takan koma kan "kar ka taɓa nan". A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sa yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, ta ce in za a zaunar da yaro gara a yi masa karatu ko tatsuniya.

Abin da ya ceci al'amarin shi ne cewa kowane labari ana iya sauke shi a matsayin PDF iri biyu, ɗaya na karantawa a allon waya ko kwamfuta, ɗaya kuma an jera shafukansa yadda in aka buga gaba da baya aka ninke tsakiya zai zama ɗan littafi. Na kai guda shida wani shagon buga takardu a unguwarmu. Yaron shagon ya buga su fuska ɗaya kamar takardar neman aiki, shafi na biyu yana maƙwabtaka da na goma sha ɗaya, sai da na zauna kusa da shi muka ɓata takarda huɗu kafin ya gane tsarin. Bugun launi yana da tsada, saboda haka biyu kawai na buga da launi, sauran baƙi da fari, kuma hakan ya zama alheri, domin 'yata ta sa fensir mai launi ta shafe hotunan da kanta, ta mai da saniya shuɗiya, littafin ya zama nata. Maiɗakina ta yanko bango daga kwalin madara ta bi tsakiyar kowane littafi da keken ɗinki, ɗinkin da har yau bai saki ba duk da jan da ƙaramin yake yi masa.

A daren farko da na miƙa wa 'yata littafin takarda, sai ta juya shi ta buɗe daga dama, kamar yadda ta ga ana buɗe littafi a Islamiyya da yadda ake bin allo. Ban ce ta yi kuskure ba, domin ba ta yi ba. Na ɗauko allonta na ajiye kusa da littafin, na nuna mata cewa rubutu biyu ne, kowanne da hanyar da yake bi, wannan daga dama, wannan daga hagu. Na aza yatsana ƙarƙashin kalmomi ina ja a hankali ina karantawa, bayan kwana kaɗan ta kama yatsan nawa tana ja da kanta, in ta tsaya in tsaya. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a nan ne yaro yake gane cewa waɗannan baƙaƙen zane su ne suke riƙe da maganar, kuma maganar ba ta canzawa daga jiya zuwa yau. In na tsallake jimla don sauri, nan take take kama ni ta ce, "Abba, ba haka aka ce ba." Wata rana muna tafe a Tudun Wada ta tsaya cak gaban wani allon talla tana nuna mini harafin ƙ, wanda ta raɗa wa suna "ka mai hula", tana murna kamar ta haɗu da ƙawarta.

Na kuma koyi cewa karanta labari daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba shi ne mafi ƙarancin amfani. A 1988 wani masani a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka koya wa iyayen wasu yara 'yan shekara biyu su riƙa yin tambaya a kan hoto, su saurari amsar yaro, su maimaita ta tare da ƙari, kuma cikin wata ɗaya yaran suka zarce takwarorinsu wajen furta magana. Da na gwada haka, littafi mai shafi goma sha biyu sai ya riƙa cin minti ashirin. A wani shafi mai hoton kasuwa na tambayi ƙaramin, "Mene ne wannan?" ya ce, "Ayaba." Na ce, "Ƙwarai, ayaba ce nunanniya a cikin kwando, wa yake ɗauke da ita?" Kafin ya amsa yayarsa ta shigo da tata tambayar: "Abba, me ya sa matar nan ba ta yafa mayafi ba?" Daga nan hira ta tafi kan cewa akwai mutane a wasu ƙasashe masu nisa, da tufafinsu daban da harshensu daban, su ma suna zuwa kasuwa suna sayen ayaba. Ba mu gama littafin a daren ba, kuma ban ga asara a cikin haka ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mahaifiyata. Hajiya tana karatun Alƙur'ani da ajami, amma ba ta yi boko ba, kuma da farko tana kallon abin a matsayin wasan 'yan zamani. Wani dare na dawo a makare na tarar da ita a kan tabarma, jikokin suna jingine da ita, littafin yana buɗe a cinyarta tana bin hotuna tana ƙaga labarin da bakinta, har da waƙa a tsakiya wadda babu ita a rubuce. Da 'yata ta ce, "Hajiya, ba haka Abba yake faɗa ba," sai ta ce, "Na Abbanku daban, na kakarku daban, ki saurara." Labarinta ya fi na takardar armashi. Tun daga ranar na daina yarda da cewa uwar da ba ta yi makaranta ba ba ta da rabo a wannan aiki, domin hoton da ke shafin ya ishe ta, kuma abin da yaron yake samu, wato kalmomi da hira da zama a jikin babba da littafi a buɗe, duk yana samunsa.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar amfani da shafin ya sani tun da wuri. Maɓallansa da umarninsa da Turanci suke, saboda haka wanda ba ya jin Turanci zai buƙaci wani ya zaɓar masa Hausa ya sauke masa labaran a karon farko. Sa'an nan tun da ƙofa a buɗe take ga kowa ya rubuta ko ya fassara, hannuwa da yawa ne suka yi aikin, kuma shafin yana bambanta labaran da ma'aikatansa suka tantance da waɗanda jama'a suka ɗora. Al'adata ita ce ba na karanta wa yara labarin da ban riga na karanta ni kaɗai ba, kamar yadda ba a ba yaro abinci sai an ɗanɗana. Ina duba haruffa masu lanƙwasa musamman, domin ga mai koyo akwai nisa tsakanin kasa da ƙasa, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, kuma babba ne kaɗai yake iya cike giɓin da hankalinsa. In na tarar da kalmar da ba ita muke faɗa a gidanmu ba, wani lokaci nakan bar ta in bayyana, domin yaro ya san Hausar Sakkwato da ta Damagaram ma Hausa ce, wani lokaci kuma in gyara da biro.

Da yawa daga labaran an fara rubuta su ne a gabashi da kudancin Afirka aka fassaro, don haka gidaje da tufafi da abincin da ke hotunan na can ne. Na riga na faɗi amfanin hakan, amma ina kwaɗayin ranar da 'yata za ta buɗe littafi ta ga zaure da rumbu da mai tallan fura, ta ga hawan salla da rakiyar amarya da yara suna tashe a watan azumi. Wannan giɓi namu ne, domin masu shafin sun ba da fili da kayan aiki, har da manhaja ta biyu wadda ake haɗa littafi da ita a waya, da hoton da mutum ya ɗauka ko wanda yaro ya zana. Mun gwada a gida. Na ɗauki hoton akuyarmu a wurare takwas, 'yata ta faɗi abin da akuyar take yi a kowanne, ni kuma na rubuta yadda ta faɗa ba tare da na gyara mata ba. Da na so in ƙara bango da sunanta a kwamfutar shagon nan, sai duk ƙ da ɗ suka koma ƙananan akwatuna saboda irin rubutun da ke injin bai san su ba, sai da muka canza salon haruffa. Littafin akuyar nan shi ne aka fi karantawa a gidanmu, an yi dare goma sha ɗaya a jere ba a nemi wani ba, kuma a cikinsa ne ta fara gane kalma sukutum, kalmar akuya, tana nuna ta a kowane shafi. Wanda ya ƙare abin da ke nan yana iya leƙa StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, wanda aka buɗe a 2015 bisa irin wannan tsari, shi ma yana da labarai da Hausa.

Ina ba iyaye shawarar wannan shafi ba tare da jinkiri ba, haka ma malaman nazare da na Islamiyya, amma da sharaɗin a fitar da labaran daga waya a mai da su takarda, a kuma zauna tare da yaron. Wanda zai sauke manhajar ya miƙa wa yaro waya ya tafi sabgarsa bai sami komai daga abin da na bayyana ba. Minti goma sha biyar ya isa, kuma kada a mai da shi jarrabawa, kada a tsawata wa yaro don ya manta harafi, in ya gaji a rufe. Akwai daren da na dawo a gajiye ba na son ko magana, na so in ɗaga karatun zuwa gobe, sai na ga ƙaramin ya jawo tabarma da kansa ya ɗauko littafi a kife ya zauna yana jirana, dole na zauna.

Yanzu littattafanmu sun kai ashirin da uku, suna cikin wani tsohon kwanon silba a ƙarƙashin gado inda hannun yara yake kaiwa. Bakwai daga ciki suna gidajen maƙwabta, domin yaran layinmu sun fara shigowa bayan isha'i, kuma duk wanda ya nemi aro ana ba shi. Hajiya ta yarda ta faɗa mini tatsuniyoyi uku daga waɗanda ta ji a bakin kakarta, na riga na rubuta biyu, wani ɗalibi mai koyon zane a unguwarmu ya karɓi ta farko zai yi mata hotuna, kuma in ya gama zan ɗora ta a shafin da Hausa.